Takarda Zuwa Ga Uwargida, Kasuwar Jalingo

Daga mazauna wata 'yar unguwa da ke gaba da Mil Shida, zuwa ga Uwargida, Babbar Kasuwar Jalingo. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kin tashi lafiya, ko da yake mun sani ba kya tashi sai mutanenmu sun zo sun tashe ki.

Bayan haka, ranki ya daɗe, dattawan da suka rage a gida, wato waɗanda ƙafa ta hana su bin sahun jama'a, sun zauna a gindin darbejiya da hantsi, suka yi shawara, suka ɗora mini nauyin in bayyana miki halin garinmu, domin sun lura kin san fuskar kowannenmu, kin san abin da ke aljihunsa, amma ba ki taɓa tambayar inda yake kwana ba.

An ba ni labari cewa a Ingila akwai ƙananan garuruwa kewaye da Landan waɗanda ba su da wata sana'a sai kwana: da sassafe jama'a su cika jirgin ƙasa su nufi birni, da almuru jirgin ya amayo su. To, mu ma haka Allah ya yi mu, illa dai jihar Taraba, tun da aka yanke ta daga Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, saboda haka namu jirgin Keke Napep ne, wanda maƙeransa suka yi wa kujerar mutum uku, amma hikimar direba ta faɗaɗa shi har yakan ɗauki biyar da buhun masara, na ƙarshensu a maƙale kusa da direba, rabinsa a ciki, rabinsa yana shan iskar Allah.

Muna da masallaci, wanda da Asuba da Lisha sahu kan kai har waje, amma da Azahar liman yakan waiwaya ya ga ladan da tsoho guda, ya yi hamdala da dai jam'i ya ƙullu. Muna da mai shayi, shi ne agogon gari, don kuwa in ka tarar ya fara kife kofuna, to ka makara, wani ya riga ya yi cinikin farko a gefen rumfarka. Akwai mai cajin waya, da mai faci, da kemis mai kanta biyu, da injin niƙa, da famfon burtsatse wanda mata suka ƙirƙira masa wani irin layi da ba a tsayawa a cikinsa, sai dai a aiko jarka ta wakilci mai ita. Da rana tsaka kuwa mulkin titi na awaki ne, ba mai jayayya da su.

Ba mu musun darajarki. Tun 1893 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya zauna a Jalingo, mu kuwa jiya jiya aka yanka filayenmu, kwanon rufinmu ma bai gama dusashewa ba. Kuma a wurinki ake samun doyar Zing, da bandar kifin Lau, da ganyen shayin Mambila, ana ciniki da Hausa, a yi tsegumin mai saye da Fulatanci ko Mumuyanci yana tsaye. Sai dai abin da ya ɗaure mana kai shi ne tumatirin da ake nomawa a bayan gidajenmu, wanda kan tafi gare ki da safe a kwando, ya komo mana da yamma a leda, ya ƙaro daraja kamar wanda ya sauke farali.

Da abin ya dame ni, na kai ƙararki wurin limaminmu, na ce ke da mu kishiyoyi ne, kuma an tauye mana haƙƙi. Ya gyara zama, ya ce malaman fiƙihu da dare suke lissafin rabon kwana, yini mabiyinsa ne kawai, saboda haka a shari'ance ba mu da da'awa, tun da kowane dare namu ne. Na karɓi fatawa, amma da malam ya ga abin da ake miƙo mana da daren, da ya sake nazari: mutum ne wanda muryarsa ta ƙare a faɗin "albarka", ribarsa ta ƙare a kuɗin Keke tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, yana ƙanshin daddawa, barci ya sace shi da lomar tuwo a hannu, in ya yi magagi kuwa canji yake ƙirgawa.

Roƙonmu guda ne, don girman Allah: ki riƙa sako mana mutanenmu kafin Magariba, da ɗan sauran magana a bakinsu, domin yara su san muryar iyayensu ba ta waya kaɗai ba.

Da sauran bayani, amma mai Keke yana ta danna oda a ƙofar gida, saura mutum ɗaya ya cika, ni kuma ban buɗe rumfata ba tukuna. Zan kawo miki takardar da hannuna. Wassalam.

Naki mai biyayya kullum,
Magatakardan dattawan gindin darbejiya