Iyakwandishan Mai Rowa

A Gwangwan, sai watan Afrilu ya kama mai motar Kwatano yake tuna cewa tana da iyakwandishan. Ya murɗa, ka ji gurnani, amma iskar da ke fitowa ba za ta kashe ashana ba. Na gaba yana ɗan jin ƙamshin sanyi, na baya kuwa sai labari.

Nan take kowa ya zama bakanike: "Gas ne ya ƙare, Alhaji." A tafi Kano a ɗura, a dawo ta Ƙaraye ana sharce gumi.

Ai gas sanyi yake bayarwa, turo iska aikin fanka ne. Ga kuma filta, galibi a bayan akwatin gaban fasinja, wadda tun da aka sauke motar daga jirgi ba wanda ya leƙa ta. Yaron gareji ya zaro ta: ƙurar hunturu, ƙaiƙayin masara, da audugar kujera da ɓera ya tara wa matarsa mai jego.

Ya kakkaɓe, ya busa, iska ta zo har baya. Alhaji ya ce a kashe, mai ya yi tsada.