Zuwa ga Malam Bcc

Malam Bcc,

Da fatan kana lafiya can ƙasan To da Cc inda ka saba laɓewa. Daga Dayi nake rubuto maka a madadin ƙungiyar manomanmu, kuma ƙararka na kawo wurinka.

Maganar bashin taki ce. An girbe masara, auduga ta tafi Funtua, wasu har yau shiru. Sakatarenmu ya ce kada a kunyata kowa, sai ya damƙa maka adireshin masu bashin, ya aika tunatarwa ta imel. Kafin la'asar mai shayin mararraba yana lissafo su da yatsu, har da wani Alhaji ɗan sahun gaba.

Muka ɗauko mai gyara daga Malumfashi. Ya buɗe cikakken kan saƙon, layukan nan da ba a nuna wa mai karatu, sai ga ka zaune daram da sunayen mutane. Ya ce sabar da ke raba saƙo ba ruwanta da kai, adireshin da take bi daban ake miƙa mata, kamar rubutun bayan ambulan. Kai goge ka ya kamata a yi kafin saƙo ya tashi. To wa zai goge? Manhajar aikawa ta bar wa sabar, sabar ta bar wa manhaja. Ashe masu manhajar Mutt da masu sabar Exim sun daɗe suna wannan ja-in-ja. Ita kuwa ƙa'idar imel ta 2008, RFC 5322, hanya uku ta shimfiɗa ta bi da kai, kowa ya zaɓi tasa. Sirri har da zaɓi, Malam?

Ban ce kullum kai ne ba. A 2015 asibitin 56 Dean Street na Landan ya tsallake ka, ya jera adireshin kusan mutum 780 a To cikin saƙon masu HIV, aka ci tarar fam 180,000. A 2021 ma'aikatar tsaron Birtaniya ta yi wa 'yan Afganistan 245 haka, mutanen da ke gudun Taliban. Mu ma tun 2023 muna da dokar kare bayanai, in aka ci mu tara kuwa, asusunmu ko buhu goma ba zai saya ba.

Saboda haka mun sallame ka. Daga yau kowa saƙonsa shi kaɗai. Alhaji dai bai biya ba, gaisuwa ma ya daina amsawa.

Wassalam,
Ma'ajin ƙungiya, Dayi