Kabawa, Ku Rage Dariya: Kifin Tanki Ma Yana Son Bayan Gida

Na hango fuskokinku tun kafin ku gama karanta kanun. Mutum ya tashi a bakin Gulbin Rima, giwan ruwa da ragon ruwa ne suka raine shi, sannan a tare shi da zancen tankin tace ruwan kifi? "Malam, mi za mu yi da kifin kwalba ga Matan Fada?" To Baba, gyara zama, ba gulbin zan ƙwace maka ba.

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke kiwon kifin teku da murjani mai rai cikin akwatin gilashi a falonsu. Ba ci suke yi ba, kallo ne kawai, kuma na yarda wannan kaɗai ya isa abin dariya a Argungu. Ƙarƙashin akwatin, cikin kabad, suna ɓoye wani tankin na biyu. Ruwa yakan gangaro masa ta bututu, ya ratsa 'yan ɗakunan da aka raba da gilasai, datti ya tsaya, ɗan inji ya sake tura ruwan zuwa sama. Bayan gidan kifin ke nan: ba a nuna wa baƙo, amma ran da ya toshe duk gidan sai ya sani. A kan wannan tanki suka rabu gida biyu. Wasu sun ce sai na kanti mai sheƙi da sunan kamfani, wasu sun ce tsohon akwatin gilashi da gam sun wadatar.

Kun ce murjani ba zai zauna a Birnin Kebbi ba, kuma a nan kun ci ni. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, murjani kuma yana son ɗumin da bai wuce digiri 24 zuwa 27 ba. Mu a watan Afrilu zafi yana haura 40. Wanda ya kawo shi Badariya ko Gesse, ba kiwo zai yi ba, dahuwa ce. Ko taubasanmu Katsinawa, duk da son burgarsu, ban ji sun gwada ba.

Amma musun nan nasu ya riga ya shigo mana gida, ta bayan ɗaki, inda ake kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol. Ku da kuke cewa gulbi ya ishe mu, ku tuna bikin kamun kifin Argungu da ya samo asali a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, sau ɗaya ake yinsa a shekara, shi ma ba kowace shekara ba: sai da aka yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. A wancan karon an fito da kifi mai kilo 78, duniya ta tafa. Madalla. Sai dai tukunyar Hajiya ba ta jiran biki, kullum sai ta hau murhu, shi ya sa za ka ga jikan masunta a layin mai kifin ƙanƙara yana taya wanda aka yi jigilarsa daga tekun Turai. Kada ka ɓoye ledar, Kawu, kifi na ganinka mai jar koma.

Akwai kuma masu cewa tarwaɗa ai ba ta da tsada wajen rai, ko cikin taɓo tana zama. Gaskiya ne tana da wata gaɓa kusa da maƙoshi da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure ruwan da ƙarfasa za ta kife a ciki. Amma rashin mutuwa daban, girma daban. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta matacin numfashinsa, ragowar abinci kuma yana ruɓewa ya ƙara. Idan ya taru sai cin abinci ya ragu, kifi ya tsaya cak, kai kuwa kana ta zuba masa buhun abinci mai tsada. Zafi yana ƙara wa gubar ƙarfi, mu kuma zafi ba ma neman aro. Mafita biyu ce: ko ka riƙa zubar da ruwa kana ɗibo sabo daga rijiyar burtsatse, ko ka tace wanda ke ciki. Kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta farko ba ta da zafin aljihu. Yanzu mai janareto ya san abin da nake nufi.

To na haɗi ko na kanti? Alhaji mai son kwali ya ce araha ba ta ado. Haka ne, Alhaji, amma kifi bai iya karanta rasit ba. Masu aikin tacewar na gaskiya wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, su ke juya amoniya zuwa wani sinadari, sannan zuwa wani mai sauƙin illa. Abin da suke buƙata wurin maƙalewa ne da ruwa mai gudu da iska. Za su zauna a kan ƙwallayen robar da aka yi oda, za su kuma zauna a kan tsakuwa, soso, murafen gorar lemo, ko tsohuwar komar da Baba ya jingine a rumfa. A ko'ina sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, kuɗi ba ya gajarta musu hanya. Wanda kuma ya wanke su tas da omo don tsafta, ya kori ma'aikatansa da hannunsa.

Inda na kanti yake jin kunya a garinmu shi ne ranar da aka ɗauke wuta, wato yau ko gobe. Inji ya tsaya, ruwan tankin sama bai san an ɗauke ba, sai ya ci gaba da gangarowa har ya kai bakin bututu. Yi lissafin da kanka: tanki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, idan ruwa ya sauka da santimita 5 kacal, lita 100 ke nan ta nufo ƙasa. Akwatin da aka ƙera don falon Landan zai yi ambaliya a tsakar gida. Duron roba shuɗi mai lita 200, idan ka bar rabinsa fanko, zai shanye ya yi shiru. Ka kuma huda ɗan rami a bututun da ke mayar da ruwa, daf da saman ruwan tankin, don iska ta shiga ta katse zuƙa da baya.

Ku kuma 'yan "ni zan haɗa da kaina", ku sauke kafaɗa, na zo kanku. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshin gona ko baƙin mai, ko ka wanke shi da ruwan gulbi duka, makabartar kifi ce. Sabon siminti yana sakin sinadari mai ƙona fatar kifi, sai an jiƙa shi makonni ana zubar da ruwan. Gam ɗin silikon na banɗaki mai maganin fumfuna guba ne, sannan silikon yana kama gilashi da kyau amma ba ya riƙe roba. Injin tura ruwa kuwa kada wani gwanin unguwa ya ce zai naɗa maka waya ya haɗa, ruwa da lantarki ba wajen gwada basira ba ne.

Saboda haka, duro da bututu da tsohuwar koma ka haɗa a gida tare da mai gyaran famfo na layinku. Inji ka saya mai kyau, in da hali mai aiki da sola, ka ajiye na biyu. Kafin ka zuba ko kifi ɗaya, ka kashe injin da hannunka, ka tsaya ka ga inda ruwa zai tsaya a duron. Ruwan da ka zubar kuma ka kora wa zogale da alayyafo. Baba, kai da ka fi kowa dariya, komar nan da ke rumfa ake jira ka ba yaran.