Kifayen Falon Alhaji

A Aljirif, unguwar nan ta bakin Shuɗin Nilu a Kartum inda ake gasa jan bulo, an yi wani Alhaji da kasuwa ta buɗe masa. Wannan kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne. Wata rana ya shigo da akwatin gilashi mai cin lita 40, ya girke shi a falo don baƙi su gani, ya zuba kifin gurami guda biyu, namiji da mace.

Gurami ba kifin Nilu ba ne. Asalinsa fadamu da gonakin shinkafa na Indiya da Bangaladash da Tailan da Indunisiya. Yana da zare biyu dogaye a ƙirji da yake laluben hanya da su. Idan namijin ya samu kwanciyar hankali, sai ya tara kumfa a saman ruwa ya yi sheƙa, a nan yake adana ƙwai yana gadinsu. Na Alhaji ma ya yi sheƙarsa, jikinsa ja da shuɗi yana ƙyalli.

Mai shagon kifin ya yi masa gargaɗi uku: kada ya haɗa maza biyu a ƙaramin akwati, kada abinci ya wuce abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma duk mako ya canza rubu'in ruwan da wanda ya kwana, don sinadarin kulorin na famfo ya fita. Alhaji ya ce ya ji.

Da baƙi suka yaba, sai ya ƙaro biyu. Suka sake yabawa, ya ƙaro huɗu. Akwatin bai ƙaru ba. Abinci kuwa yana watsa shi da hannu biyu, ragowar ta nutse ta ruɓe, ta haɗu da kashin kifi ta zama amoniya, gubar da ido ba ya gani. Ga zafin Mayu da kan haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta da ke tsayar da na'urar tace ruwa.

Kifayen ba su mutu ba. Allah ya yi wa gurami wata gaɓa a cikin kai da yake shaƙar iska kai tsaye, don haka ko ruwa ya lalace sai ya taso ya haɗiyi iska ya koma. Alhaji yana ganinsu suna hawa suna sauka, yana cewa wasa suke yi.

Ana nan sai kawunsa, tsohon masunci, ya zo daga Mai Wurno. Ya daɗe a gaban gilashin bai ce uffan ba. Ya ga babban namijin yana korar kowa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ga wata mace ta maƙale a bayan na'ura, jelarta a yayyage, launinta ya koɗe, ta tsuke fukafukanta a jiki. Sheƙar kumfa babu ita.

"Alhaji, yaushe rabon wannan ta fito ta ci abinci?"

"Kawu, ai ba a rasa su da abinci ba. Kuma ko ɗaya bai mutu ba."

"Gaiwa ma tana yin watanni a cikin busasshen laka ba ta mutu ba, ɗana. Amma ban taɓa jin wanda ya ce daɗi ne ya zaunar da ita a can ba. Kifi ba ya kuka. Wanda ya ɗauko shi ya sa a gilashi, shi ke da alhakin duba jikinsa. In ba ka da wurin huɗu, riƙe wanda za ka iya yi wa adalci."

Tsohon yana magana ne idonsa na kan ƙofar cikin gida, inda aka raba ɗaki ɗaya da labule tun bayan bikin ƙarin auren Alhaji na watan jiya. Alhaji ya ce in an kwana biyu zai sayo babban akwati.

Ba a kwana biyun ba. Fararen ƙuraje suka feso wa mai raunin, suka bazu ga sauran, domin kifin da ke cikin takura ba ya iya ture cuta. Cikin kwanaki kaɗan aka kwashe su ɗaya bayan ɗaya, har babban namijin da ke korar kowa. Alhaji ya ɗora laifin a kan mai shago da zafin gari.

Duk wanda Allah ya ba amanar rai, ya sani cewa zuba abinci ba shi ne iyakar haƙƙi ba. Haƙurin wanda ke ƙarƙashinka ba shaidar lafiyarsa ba ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Maigida, tashi yau ka duba waɗanda suka yi shiru a gidanka, domin za a tambaye ka a kansu gobe ƙiyama.