Noti Uku Da Halin Maza

Duk wanda ya taɓa kutsawa da mota ta wajen Kantin Kwari da la'asar sakaliya ya san wannan ƙarar: ƙwas! Kafin ka waiga, mai A Daidaita Sahu ya ɗago maka hannu, ya ce, "Afuwan, Alhaji," ya sulale tsakanin motoci biyu, madubinka na dama kuwa yana reto a jikin waya kamar kunnen akuyar da kare ya ja. An hana acaɓa a Kano a farkon 2013, amma madubai ba su huta ba. Mai karya su ne kawai ya ƙara ƙafa ɗaya.

Canja madubin ba wani aiki ba ne. A yawancin ƙananan motocin da muke hawa, irin su Corolla da Civic, idan ka buɗe ƙofa ka ɓamɓare 'yar robar nan mai kusurwa uku da ke bayan madubin ta ciki, za ka tarar da noti uku, galibi masu cin sifana lamba 10, da soket ɗin wuta guda. Ka zare soket, ka kwance noti, ka sa sabo, ka ɗaure. Bakanike yakan yi shi yana maƙale da waya a kafaɗa, yana rigima da wani kwastoman. Wannan sauƙin ne yake ruɗar maza har su ce, "Haba, a kan wannan zan biya kuɗin aiki?" Daga nan kuma sai hali ya fito.

Akwai Malam Kafin Albashi. Shi bai ƙi sayen sabo ba, wata ne bai ƙare ba. Sai ya sayi salatif baƙi, ya naɗe madubin da shi kamar mai ɗorin karaya, ya ƙara da robar tsohon tib, ya ja baya ya duba aikinsa, ya ce na kwana biyu ne. Rana ta narkar da salatif, ya ƙara wani a kai. Damina ta jiƙa shi, ya ƙara. Albashi ya zo sau talatin da shida ya wuce, madubin ya yi ƙiba har ya fi na asali girma. Ranar da zai sayar da motar, da ƙarfin hali zai ce wa mai saye, "Ba komai ba ne wannan, ɗan ɗauri ne kawai."

Ƙaninsa shi ne wanda gidan madubin nasa lafiya lau, gilashin ne ya faɗi. Sai ya faki idon uwargida ya ɗauke madubin da take kwalliya da shi, ya kai wa mai yankan gilashi a yanka masa daidai, ya liƙa da sufa gulu. Abin da bai sani ba, gilashin ɓangaren fasinja ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro, kuma doron ne yake tattaro faɗin titi ya zuba a ɗan tafin hannu. Shi ya sa motocin da aka shigo da su daga Amurka suke da ɗan rubutu a ƙasan wannan madubin, mai gargaɗin cewa abin da ka gani ya fi kusa fiye da yadda yake a ido. Madubin Hajiya bai san wannan ba, shi fuska ya iya nunawa. Tirela za ta taho a gefe, abin da direba zai gani tayarta ɗaya ce kawai, ita ma sai ta iso. A gida kuma ana can ana tuhumar 'yar aiki.

Wanda ya fi ba ni dariya, kuma ya fi yawa a wannan zamani, shi ne Injiniyan YouTube. Ya kwana yana kallon wani Bature a garejinsa mai tsabta kamar ɗakin tiyata, yana canja madubi cikin minti shida. Da safe ya fito da gajeren wando, ya jingina wayar a kan sitiyari, ya ce wa yara kada wanda ya dame shi. Baturen yana da 'yar roba ta musamman ta ɓamɓare murfi. Shi wuƙar kicin gare shi. Baturen ya ce a ja a hankali. Shi ya ja, 'yan haƙoran robar biyu suka karye, ya ce dama sun tsufa. Sai a tsakiyar aiki ya lura motar da ke bidiyon ta 2008 ce, tasa ta 2003, kuma a tasa sai an cire duk bangon ƙofar kafin a kai ga soket. Data ta ƙare. Azahar ta yi. Yara da aka kora sun dawo sun yi da'ira, ƙaramin cikinsu yana tambaya, "Baba, ka ɓata ta ne?" Wajen magariba zai haɗa komai, ya tarar da kusoshi huɗu a aljihunsa waɗanda bai san daga ina suka fito ba, ya yanke hukuncin cewa kamfani ne ya sa su don ado. Tun daga ranar, hannun buɗe ƙofar na ciki bai ƙara aiki ba, sai ya sauke gilashi ya miƙa hannu waje. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, da intanet.

Shi kuwa Sarkin Ƙarfi ba ya kallon bidiyo. Abin da bai shiga ba a buga shi, abin da bai fita ba a fizge shi. Ya je da madubi ɗaya a fashe, ya tashi da biyu.

Sai gwanin ciniki, wanda zai yini a Ƙofar Ruwa yana zagaya shaguna da tsohon madubin a leda. An nuna masa ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar mota a waje, ya ce ya yi tsada. An nuna masa sabo ɗan China, ya ce ba ƙwari. Can a lungu ya samu wani a rabin kuɗi, ya dawo gida yana taƙama. Da ya zo ɗaurawa sai ya ga na hagu ne. Ko kuma na daman ne, amma an ciro shi daga motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama, alhali mu tun 1972 muka koma bin hannun dama da sitiyari a hagu. Ya murɗa shi iya murɗawa, kwata da masu tallar lemo yake nuna masa. Ko kuma soket ɗin motarsa mai baki uku ne, na madubin mai biyar, domin ƙarin biyun na ɗumama gilashi ne saboda ƙanƙara. A Kano fa, inda a watan Afrilu sitiyari kansa ba ya taɓuwa. Ba zai mayar ba, girma ya hana. Zai yanke wayoyin ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, fis ya ƙone, ya ƙare a wajen mai rewaya ya biya ninki biyu na abin da ya guda. Araha ba ta ado, amma shi har gobe cewa yake ya ci riba.

Ba a yin wannan aiki a ƙofar gida ba tare da 'yan majalisa ba. Cikinsu akwai wanda ko keke bai mallaka ba, amma shi ne zai goya hannu a baya ya ce, "Maigida, ba ta nan ake farawa ba." Wani zai ba da labarin Fijo 504 ta mahaifinsa, haɗin Kaduna, wadda madubinta ƙarfe ne, ba wannan robar ta yanzu ba. Ka ce wani ya riƙe maka madubin ka kwance notin ƙarshe, sai kowa ya tuna bai yi alwala ba.

Akwai kuma waɗanda suka warware matsalar ta wata hanya. Ɗaya ya ɗaura sabo, ya sa an zana lambar motarsa a gilashin saboda ɓarayi, sannan ya naɗe shi ya kwantar a jikin ƙofa don kada a sake karya shi, kuma haka yake yawo da shi a naɗe shekara da shekaru. Madubin yana nan garau, bai taɓa ganin titi ba. Ɗayan ya ce wuyan da Allah ya ba shi ya ishe shi. Idan da fasinja, fasinjan ne madubi: "Maman Abba, duba min, akwai mota?" Ta ce, "Taho, taho... tsaya!" Direbobin bas sun daɗe da wannan tsarin, kwandasta ne madubinsu, da dukan bodi yake ba da rahoto. Irin wannan direban ba ya tuna akwai wani abu wai shi madubi sai ya hango 'yan Rod Sefti a gaba, sai ka ji ya fara salati yana neman kwana.

Ni ma na taɓa cewa ni zan yi abina. Na sayi daidai, na dama, mai baki uku, na ciro murfin ba tare da na karya komai ba, har na fara jin tausayin sauran maza. Noti biyu suka ɗauru. Na uku ya suɓuce daga bakin sifana, na ji shi yana gangarawa cikin ƙofar, ƙyal, ƙyal, ƙyal, ya je ƙasa ya zauna. Da na kai wa bakanikena ƙara, bai ko ɗago daga ƙarƙashin motar da yake ciki ba, ya ce, "Alhaji, ai tsumma ake cusawa a ramin kafin a fara." Na ce, "Oga, da ka faɗa min." Ya ce, "Da ka tambaya."

Fito da shi sai an kwance ƙofar gaba ɗaya, ni kuma albashi nake jira. Notin yana ciki har yau, duk ramin da na faɗa a titin Zariya sai ya amsa. Idan ka ga wata Corolla mai ruwan toka tana kaɗa ƙararrawa a ƙofar dama, don Allah ka wuce ta hagu, noti biyu ne suke riƙe da madubin.