Koko a Mirriya, Azahar a Yamai

Duk wanda ya taɓa shiga bas daga Damagaram zuwa Yamai ya san abin da tafiyar kilomita kusan 900 ke yi wa ƙugun mutum. Ka bar tasha da asuba, ka ratsa Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutse da Doso, ba ka isa sai dare ya yi. Shi ya sa da wani yaro ya duba mini a waya cewa ta sama nisan kusan kilomita 750 ne, kuma jirgi na cinye shi cikin kamar awa biyu, sai kaina ya kumbura.

Sunan ɗan ƙanwata za mu, ni da taubashina. Ran Lahadi, ranar kasuwarmu ta Mirriya, daga rumfar masu tukwane har wurin mahauta babu wanda bai ji shirina ba: koko a Mirriya, azahar a Yamai. Taubashi ya ce shi dai bas zai hau. Na ce, "Kai talaka, in ka iso ka tarar na aje maka ƙashin rago." Inna ta ɗora mini sabuwar tukunya don mai jego, wai tunda sama babu gargada.

Na sha shadda, na rungumi tukunya, na isa filin jirgin Damagaram tun hantsi. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari har rana ta koma kamar faifai. Ashe matuƙi ba ya sauka sai yana hango hanyarsa, kuma jirgin da zai ɗauke mu daga Yamai zai taso. Aka ce sai azahar. Aka ce sai la'asar. Da magariba aka ce Allah ya kai mu gobe.

Komawa gida fa? Tsakanin Mirriya da Damagaram ko kilomita 20 ba a yi ba, amma da wane ido zan dubi mahauta? Na hau kabu-kabu, tukunya a cinya, na laɓe gidan wani aboki a unguwar Birni, na roƙe shi ya rufa mini asiri.

Bayan isha waya ta yi ƙara. Taubashi ne, ina jin ƙarar cokali a kwano. "Ranka ya daɗe, sarkin sama, kana wane gajimare ne yanzu? Ga tuwo na hucewa."

Da hazo ya washe, jirgin bai yi ƙarya ba, awa biyun nan ya yi har filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Sai dai an riga an raɗa suna, an cinye rago, ni aka aje wa ƙashi.

Mai karatu, awa biyun da ake faɗa daga tashi ne zuwa sauka. In hunturu ne kuma sha'anin na da rana, tafi da wuri, kuma kada ka yi shela a kasuwa sai ka dawo.