Tafiyar Kaguwa a Hammadu Kafi

Ni a ganina, duk a-kori-kurar da ka hango a titin Hammadu Kafi tana tafiyar kaguwa, kai na duban gabas gindi na neman arewa, kada ka zargi direba da maye. Sifirin ɗin baya aka matsar, kuma da ido aka auna.

Masu tsofaffin motocin gudu na Amurka, irin su Dodge Charger na wajejen 1970, su ma suna wannan aiki: su yanke mazaunin sifirin su tura shi ciki kamar inci 3, don taya mai faɗi ta sami wuri. Amma su miƙaƙƙen fili suke tsere a kai, kwatan mil, ba kwana, ba buhu. Mu kuwa Peugeot 504 muka gada, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, kuma burinmu ta kwashi rabin kasuwar Tudun Hatsi a sawu ɗaya. Sai a ƙara wa sifirinta ƙarfe biyu ko uku, idan tsawon bai zo daidai ba mai walda ya yanke mazauni ya liƙa inda ransa ya kwanta. To, sifirin ne ke riƙe aksul a wurinsa. Ɓangare ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da faɗin yatsa, aksul ya karkace, taya ta cinye ta gefe guda, direba ya wuni yana kokawa da sitiyari. In an matso da sifirin ciki kuma, lodi ya yi tsororuwa, a kwanar farko masara da yaron mota za su sauka tare.

Bakanike zai ce mini, "Malam, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Na yarda, a wajen cinikin rago. A ƙarƙashin mota tef ake ja daga kusurwa zuwa kusurwa, hagu da dama, har lamba ta zo ɗaya, sannan a kunna injin walda. Zai ƙara da cewa ai motar shekara da shekaru tana kai kaya Kumo ta dawo. Tana dawowa kam, wani lokacin a bayan igiya. Ƙarin ƙarfe yana hana gindi zama ƙasa, amma birki da taya da aksul ba wanda ya sanar da su an yi musu ƙarin girma, kuma a gangara su ne za su amsa tambaya, ba mai walda ba, wanda tuni ya karɓi kuɗinsa ya tafi cin tuwo.